Darasi na 14: Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

Bahaushe yana cewa lafiya uwar jiki. Idan ya haɗu da mutum da safe, abin da zai fara tambaya shi ne, "Ka kwana lafiya?" Kun koyi wannan gaisuwa tun a aji ɗaya. To, akwai wata tambaya wadda ba a yin ta a gaisuwa, sai a ƙofar asibiti: idan ciwo ya zo, wa zai biya kuɗin magani?

Ku ɗauka kuna da maƙwabci tela. Cikin dare zazzaɓi ya rufe ɗansa, da gari ya waye ya kai shi asibiti. Zai yanki kati, ya biya kuɗin gwajin jini, ya sayi magani. Idan an ba yaron gado, nan ma sai ya biya. Kafin a sallame su, wataƙila ya sayar da keken ɗinkinsa. Yaro ya warke, uba ya rasa sana'a. Labarin telan nan labarin gidaje da yawa ne, domin a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya, daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

A al'adance, dangi ne suke fara kawo ɗauki. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ya kawo abinci, wancan ya miƙa ɗan abin da ya samu. Wannan hali ne mai kyau, kuma na san a garuruwanku ma haka ake yi. Sai dai zumunci yana da iyakar ƙarfinsa. Dangi za su iya biyan kuɗin zazzaɓi. Wankin ƙoda kuwa, wanda ake yi sau biyu ko uku a kowane mako, yana iya talauta zuri'a guda.

Wasu suna cewa nauyin ya rataya a wuyan gwamnati. Hujjarsu tana da ƙarfi: gwamnati ce take karɓar haraji da kuɗin man fetur. Ita ce kuma take da yawancin manyan asibitoci. Ƙananan hukumomi suna kula da ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye, jihohi suna kula da manyan asibitoci, gwamnatin tarayya kuma tana riƙe da yawancin asibitocin koyarwa na jami'o'i. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta kai wannan adadi ba tukuna. Ku lura kuma da kalmar "kyauta". A Ingila, tun 1948 mutum yana ganin likita ba tare da ya biya a ƙofa ba, amma ya riga ya biya ta hanyar haraji. Allurar rigakafin da aka yi muku kuna jarirai ma, wani ne ya biya kuɗinta.

Hanya ta uku ita ce inshorar lafiya. Kada kalmar ta ba ku tsoro. Kun san adashi, wanda Yarabawa suke kira esusu, Ibo kuma isusu. Mutane suna zuba kuɗi, kowa yana jiran ranar ɗaukarsa. Inshora ma zubi ce, amma da bambanci ɗaya: ba a bin layi wajen ɗauka. Wanda ciwo ya kama shi ne mai ɗauka. Mutum dubu za su zuba, kaɗan ne daga cikinsu za su kwanta a wannan wata, sai kuɗin masu lafiya ya yi jinyar marasa lafiya. Wanda ya shekara bai je asibiti ba, bai yi asara ba. Ya kwana da sanin cewa idan ta faru, ba zai sayar da gonarsa ba.

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. Waɗanda suka fi cin moriyarta su ne ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. Amma ku koma wurin telanmu. Ba shi da albashi, balle a cire wani abu a ƙarshen wata. Haka manomi, da mai sayar da ƙosai, da ɗan acaɓa, kuma su ne mafi yawa a ƙasar nan. Gana ta nemi mafita a 2003, inda ta ɗora ƙarin harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye domin asusun inshora.

A ganina, mai hali ya zuba gwargwadon ƙarfinsa tun yana da lafiya, gwamnati kuma ta zuba wa wanda ba shi da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsare mai naƙuda a ƙofa ana tambayar ta rasit. Kuna iya saɓa mini, muddin kun kawo hujja.

Kalmomi: dubiya, zuwa gaida marar lafiya, jinya, kula da marar lafiya har ya warke, hannu rabbana, ba tare da an riƙo komai ba, zubi, kuɗin da ake bayarwa a adashi, kawo ɗauki, taimakawa a lokacin matsi.

Aiki: Ku tambayi iyayenku wa ya biya kuɗi a lokacin da wani ya kwanta ciwo a gidanku. Sa'an nan ku rabu gida biyu a aji, ku yi muhawara a kan wannan batu: "Gwamnati kaɗai ya kamata ta biya kuɗin magani." Kowane mai magana ya yi amfani da "ya kamata", da "a ganina", da "sai dai".