Yadda Ake Buga Tsofaffin Wasannin Kwamfuta a Kan Linux

A nan Rijiyar Zaki, kwamfutar da za ka gani a hannun saurayi galibi ta hannu ce, daga Beirut Road aka sayo ta a cikin Kano, kuma sau da yawa Windows 7 ce a kanta. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, wa'adin Windows 10 ma ya cika a Oktoban 2025. Abin da ke hana samari rabuwa da Windows bai wuce PES 6 da GTA San Andreas ba. Haka ƙanena ya yi ta fama: filashinsa ba ya zuwa shagon tura fina-finai ya dawo lafiya, sai da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli. Da na mayar masa da kwamfutar Linux, wannan ciwon kai ya ƙare, kuma ƙwallonsa na nan yana bugawa.

Kafin komai, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri, domin sabuwar manhajar za ta iya share komai. Sannan ka cika batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai an koma farko.

Sauko da Linux Mint, samfurin Xfce, don shi ne mara nauyi ga tsohuwar na'ura. RAM na 2GB zai ɗauke shi, 4GB ya fi. Girmansa ya kusa 3GB, saboda haka ku haɗa kuɗin data mutum ɗaya ya sauko, filashi ɗaya ya ishi unguwa. Zuba shi a filashin da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar ta kansa. Gwada sauti da intanet tukuna, in sun yi, ka girka.

Wasan Windows ba ya tashi a Linux kai tsaye, sai da tafinta, wato Wine, wanda ake gina shi tun 1993. Buɗe Software Manager ka girka Wine da Winetricks. Danna fayil ɗin setup.exe na wasan da maɓallin dama, ka zaɓi buɗewa da Wine, ka bi matakan kamar yadda ka saba. In ya ƙi tashi, buɗe Terminal ka rubuta winecfg, ka sa Wine ya ɗauki kamannin Windows XP, zamanin da aka yi wasan. In ya koka da rashin wani fayil na DirectX, rubuta winetricks d3dx9. In allo ya yi baƙi ko ya karkace, koma winecfg, a sashen Graphics ka kunna Emulate a virtual desktop.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka natsu. Tafintan da ya iya karanta wasa ya iya karanta bairos ma. Duk wani exe mai cuta da ka buɗe da Wine zai iya taɓa fayilolinka. Don haka kada ka taɓa kiran Wine da sudo, wato da ikon shugabanci, ko da wa ya ce maka. Abin da na yi wa ƙanena shi ne na buɗe masa asusu na biyu a kwamfutar, marar ikon shugabanci, na wasa kawai; takardun makaranta da hotunan gida suna ɗaya asusun, a kulle. Wasan da ba ka san asalinsa ba kuwa, bar shi inda ka gan shi.

Wasannin zamanin DOS, irin su Prince of Persia, DOSBox suke so. Girka shi, ka ajiye wasan a jakar da ka sa wa suna wasanni, ka buɗe DOSBox ka rubuta mount c ~/wasanni, sai c:, sai sunan fayil ɗin wasan. In gudu ya yi yawa, Ctrl da F11 na rage shi; Alt da Enter kuma na cika allo.