Haƙƙin Wanda Ya Komo Gida Bayan Fitina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasar Funtuwa da Malumfashi rumbun abinci ce tun kaka da kakanni. Masara da dawa da auduga da ake nomawa a Bakori da Ɗanja da Kafur da Faskari da Sabuwa su ke cika kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa ko'ina cikin Nijeriya. To, a 'yan shekarun nan wannan ƙasa ta ga jarrabawa mai tsanani ta 'yan bindiga. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. Ran 11 ga Disamba na shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 kuma aka auka wa masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Saboda irin wannan ne ƙauyuka da dama suka watse, mutanensu suka fake a gidajen dangi da makarantu da kangaye cikin manyan garuruwa.

A shekarar 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari da Sabuwa, waɗansu masu gudun hijira kuwa suka yi ƙundunbalar komawa garuruwansu. A nan ne jama'a da yawa kan yi kuskure, su ɗauka cewa wanda ya koma gida ya fita daga sahun mabukata. Alhali kuwa ya tarar da rumbu a ƙone, shanun huɗa an kore su, gona ta zama saura, ga kuma bashin kuɗin fansa a wuyansa. Ranar komawarsa ita ce ranar da bukatarsa ta fi tsanani.

Tarihin Musulunci ya bar darasi a kan wannan. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da jama'arsa sun daɗe suna zaman hijira a Habasha, ba su iso wurin Manzon Allah (S.A.W.) ba sai a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin da aka ci Haibara. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa Annabi ya ba su rabo daga ganimar Haibara, ko da ya ke ba su halarci yaƙin ba, bai kuwa yi wa kowa haka ba cikin waɗanda ba su halarta ba, sai su kaɗai. Watau wanda ya dawo hannu wofi an ba shi abin da zai kafa rayuwa da shi. Har wa yau, bayan Haibara ne Muhajirai suka mayar wa mutanen Madina itatuwan dabinon da suka ba su aro, domin sun tsaya da ƙafafunsu. Wannan ya nuna taimakon Ansaru bai tsaya a makon farko ba, ya ɗore shekaru har bukata ta kau. Don haka ne Allah ya yabe su cikin Suratul Hashri, aya ta 9.

Sa'an nan shari'a ba ta bar al'amarin ga tausayi kaɗai ba. Allah ya wajabta zakka a kan amfanin gona, ya kuma ambaci haƙƙin da ke cikinsa ranar girbi a Suratul An'ami, aya ta 141. Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne, watau sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka sha wahalar ban ruwa kuwa rabin haka. Manomin da ya sami buhu 100 na masara da damina, buhu 10 ba nasa ba ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen wannan ƙasa, ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, ba a kai ta nesa sai in akwai waɗanda suka fi tsananin bukata. Ashe ke nan zakkar Bakori da Kafur da Funtuwa ta fi cancanta ga maƙwabtan da fitina ta tagayyara.

Cikin kashi takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60, mutanen nan suna shiga ta ƙofofi uku. Ta farko ita ce ta faƙirai da miskinai, gama mallakar gonar da ba ta ba da komi ba, ba ta hana mutum karɓar zakka, kuma malaman Malikiyya sun halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara guda. Ta biyu ita ce ta masu bashi, irin wanda ya ranto kuɗi don ya fanshi matarsa ko ɗansa. Ta uku kuwa ta matafiyin da guzuri ya yanke masa, kamar wanda ke son komawa gida amma ba shi da kuɗin mota.

Lalle buhunan shinkafa da tabarmi da hukumomin agaji kan raba suna da amfani, amma manomi ba ya miƙewa da su. Abin da zai tsayar da shi shi ne iri da taki da garma, da aron shanun huɗa, da gayyar gyaran gona da jinkar ɗaki, da hatsin da zai kai iyalinsa kaka. Lokacinsa kuwa kafin faɗuwar ruwa ne, domin irin da ya zo bayan shuka ya zama tuwo. Ya kamata limamai da masu unguwanni su rubuta sunayen gidajen da suka komo, su fara da matan da aka kashe mazansu da masu riƙon marayu, a kuma kai musu cikin sutura, ba tare da tara su a rana ana ɗaukar hotonsu ba.

Akwai kuma gargaɗi ga masu hali. Wanda aka bar wa gona ko dabba amana lokacin gudu, wajibi ne ya mayar da ita in mai ita ya dawo. Wanda ya ga ɗan'uwansa cikin matsi ya saye gonarsa da arha, ko ya ba shi buhu ɗaya da bazara don ya karɓi biyu da kaka, to, ya sani na farkon cin zali ne, na biyun kuwa riba ce tsantsa, wadda Allah ya haramta.

Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa a wannan ƙasa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri. Amin.