YADDA AKE FARFAƊO DA TSOHON BABUR DON AIKIN GONA

GABATARWA

Babur na cikin muhimman kayan aikin manomi da malamin gona a Nijeriya. Da shi ake kai iri da taki gona, a ɗauko amfani zuwa kasuwa, a kuma kai marar lafiya asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Tun daga 1975, lokacin da aka fara shirye-shiryen bunƙasa aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gombe, babur ya zama abin hawan malamin gona wajen zagaya manoma.

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, sabon babur ya yi wa ƙaramin manomi tsada ƙwarai. A gidaje da dama kuwa akwai tsofaffin babura jingine a zaure ko bayan rumbu, waɗanda ƙaramin gyara ya sa aka yi watsi da su. Wannan darasi zai bayyana yadda za a tantance irin wannan babur, a gyara shi mataki-mataki, a kuma kula da shi. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne rani, bayan an kammala girbi, domin babur ya kasance a shirye kafin faɗuwar damina.

1. TANTANCE BABUR KAFIN A KASHE KUƊI

Ba kowane tsohon babur ne ya cancanci gyara ba. A duba waɗannan abubuwa tukuna:

(a) Takardu. Idan saye za a yi, a tabbatar lambar inji da lambar jikin babur sun yi daidai da na takarda. Kada a sayi babur ɗin da aka kankare lambarsa kome arharsa. A yi ciniki a gaban shaidu, a kuma rubuta takardar saye.

(b) Ƙarfen jiki. A tsaya daga baya a hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A duba wuyan babur da mazaunin inji ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda. Babur ɗin da jikinsa ya lanƙwashe ba ya tafiya sak, kuma gyaransa ba ya ɗorewa.

(c) Samuwar kayan gyara. Bajaj Boxer da Jincheng da TVS da ire-iren Honda CG125 suna da kayan gyara a kusan kowace babbar kasuwa, kuma garin Nnewi a Jihar Anambra babbar cibiya ce ta wannan ciniki. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashe masu tasowa, inda babur kan sha wahala ba tare da samun kulawa a kan lokaci ba, shi ya sa injinsa yake da sauƙin gyara. Babur ɗin da ba a samun kayansa kuwa zai koma inda aka ɗauko shi.

(d) Lissafi. A sa bakanike ya rubuta duk abin da za a saya tare da kuɗin aikinsa. Idan jimlar ta kusa kai kuɗin babur na hannu mai lafiya, gara a sayar da tsohon a cika a sayi wancan.

2. KAYAN AIKI DA SHIRI

Ana buƙatar sufana masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, da sufanar fulogi, sukudireba, filaya, burushin ƙarfe, samfefa, kananzir, giris, tsummoki masu tsabta da kwanoni na zuba notuna. A yi aikin a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da yara. A shimfiɗa buhu a ƙasa don kada ƙananan kaya su shige cikin yashi, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin inji tana iya ɓata aikin mako guda. Kafin a kwance kowane sashe a ɗauki hotonsa da waya, musamman haɗin wayoyin lantarki. A fara da wanke babur gaba ɗaya, saboda datti yana ɓoye tsagewa da wuraren da mai ke yoyo.

3. TANKI DA KAFIRETA

Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki yakan lalace ya bar danƙo mai toshe hanyoyin mai. Shi ya sa bai kamata a yi ƙoƙarin tayar da babur da tsohon mansa ba.

(a) A juye tsohon mai, a cire tanki. Idan akwai tsatsa a ciki, a zuba kananzir da notuna kamar cikin tafin hannu, a girgiza sosai, a juye. A maimaita har kananzir ya fito tas, sannan a bar tanki ya bushe. A ƙirga notunan kafin zubawa da bayan fitarwa.

(b) Kada a yi wa tanki walda da sauran turirin fetur a ciki. Tankin da babu mai a cikinsa ma yana fashewa.

(c) A kwance kafireta a wanke. Ƙananan ramukan da mai ke bi a busa su da iska. Kada a zura allura ko waya, domin faɗaɗa ramin yana ƙara shan mai har abada.

(d) A sauya tiyon mai idan ya bushe, a sa sabuwar matatar mai tsakanin tanki da kafireta.

(e) Matatar iska idan ta soso ce a wanke da kananzir, a matse, ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, sai dai a sauya. Kada a yi tafiya babu matata, domin ƙurar hunturu da ta hanyar gona tana cinye ringi da silinda cikin ɗan lokaci.

4. INJI

Wannan shi ne sashen da ya fi cin kuɗi, don haka a bi shi a hankali.

Da farko a cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya ta raminsa, a bar shi ya kwana. Washegari a danna kik da hannu sannu a hankali. Idan ya ƙi motsi, fistin ya kama. Kada a hau shi da ƙarfi, domin ana iya karya ringi. A ƙara mai a jira kwana biyu, idan ya ƙi sai a buɗe inji.

Idan fistin yana motsi, a toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik. Injin da ke da sauran ƙarfi zai ture yatsan da iska. Idan iskar ba ta da ƙarfi, to ringi sun cinye ko bawul ba sa rufewa daidai.

Sai a juye tsohon baƙin mai a dube shi da kyau. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, wani abu yana cinyewa a ciki, dole bakanike ya buɗe. Yawancin ƙananan babura suna ɗaukar kimanin lita ɗaya. A yi amfani da man babur mai alamar 4T, kamar 20W-50. Kulocin babur yana aiki ne a cikin baƙin mai, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi ya riƙa zamewa. Alamar JASO MA a jikin galan tana nuna man ya dace.

Idan silinda ta cinye, ana kai ta wurin masu injin gyara su faɗaɗa ta, a sa fistin da ringi masu girman da ya dace. Ana ƙara girman ne mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, 0.75 zuwa 1.00. Sa sabbin ringi a silindar da ta cinye asarar kuɗi ce. Duk lokacin da aka buɗe inji a sa sabon gasket. Saitin bawul ana yinsa ne inji yana sanyi, kuma a yawancin ƙananan babura tazarar tana tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10.

Bayan inji ya tashi, hayaƙin salansa zai nuna lafiyarsa:

- Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi: inji yana ƙona baƙin mai, a duba ringi da robobin bawul.
- Baƙin hayaƙi: fetur ya yi yawa, a duba kafireta da matatar iska.
- Babu hayaƙin da ake gani: inji yana lafiya.

Babura irin Jincheng AX100 da Suzuki AX100 sun bambanta, domin suna ƙona man 2T tare da fetur, don haka ɗan hayaƙi a jikinsu ba matsala ba ne. A tabbatar famfon da ke tura wannan mai yana aiki. Idan ya tsaya, fistin zai kama ana cikin tafiya.

Kada a bar inji yana aiki a cikin ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa, irin ta janareta.

5. WUTA DA LANTARKI

A sa sabon fulogi mai lambar da ta dace. Tazarar bakinsa a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.8 ce. Don gwada wuta, a haɗa fulogi da wayarsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so. Idan babu, a duba hular fulogi da koyil da makulli, a kuma bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin ɓeraye kan ci wayoyin babur ɗin da aka ajiye kusa da hatsi.

Batir ɗin da ya daɗe babu caji da wuya ya farfaɗo. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yana nuna kimanin 12.6 a ma'auni, ya hau zuwa 13.5 ko 14.5 idan inji yana aiki. A gyara fitilar gaba, ta birki, sigina da ham. Fitilar birki ita ce ke kare mai babur daga motar da ke bayansa da dare.

6. BIRKI, TAYA DA SARƘA

A nan ne rai yake, saboda haka ba wurin neman arha ba ne.

(a) Birki. A buɗe a duba takalman birki. Idan kaurin fatarsu ya ragu zuwa milimita 2, ko mai ya jiƙa su, a sauya. A goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a busa da baki, domin tana cutar da huhu. A sauya wayar birki da ta kuloci idan zarensu ya fara tsinkewa.

(b) Taya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2321 yana nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da gefenta ya tsattsage a sauya ta ko da zanenta bai cinye ba, tare da sabon tub. A sa mai faci ya auna iska da ma'auni.

(c) Wili. A ɗaga taya a girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa, boris sun mutu. A ɗaure sifok ɗin da suka saki.

(d) Sarƙa. Idan haƙoran da sarƙa ke hawa sun yi tsini kamar ƙaya, a sauya sarƙa da haƙoran gaba da na baya tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta jimawa. A bar mata wasa na milimita 20 zuwa 30, a riƙa sa mata mai.

(e) Shakazoba. Idan suna yoyon mai, ko babur yana ta lilo bayan an danna shi, a gyara ko a sauya.

Fenti shi ne aikin ƙarshe. A kankare tsatsa da samfefa, a shafa fentin kariya, sannan na ado. Kuskure ne a fara da fenti da sabon sirdi alhali birki bai kama ba.

7. BAYAN GYARA

(a) Idan an sa sabon fistin da ringi, a yi kilomita 500 na farko a hankali, kada a wuce gudun kilomita 50 a awa, kada a ɗora kaya mai nauyi. Daga nan a sauya baƙin mai.

(b) A hanyar ƙura a riƙa sauya mai duk bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000, a wanke matatar iska a kai a kai.

(c) Ƙaramin babur bai cika ɗaukar fiye da kilo 150 ba, har da nauyin matuƙi. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne. Loda buhu uku ko huɗu yana kashe shakazoba, ya karya sifok, ya kuma hana birki kamawa a kan lokaci. Sahu biyu ya fi asarar babur.

(d) Kada a haɗa maganin feshi da abinci ko ruwan sha a kaya ɗaya.

(e) Kada a zubar da tsohon baƙin mai a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a ciwon dabba. A tara shi a galan a kai wa bakanike.

(f) A sabunta lamba da lasin da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009. A kuma san dokar jihar da ake ciki, domin wasu jihohi sun taƙaita hawan babur a wasu wurare ko lokuta.

KAMMALAWA

Tsohon babur ɗin da jikinsa ke da lafiya, aka kuma gyara shi bisa wannan tsari, zai iya yi wa manomi hidima na shekaru da dama. Ana shawartar malaman gona su gudanar da wannan darasi a aikace tare da ƙungiyoyin manoma, su gayyato amintaccen bakanike, a yi gwajin a kan babur ɗin ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya. Ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta sayi akwatin kayan aiki guda don amfanin kowa, kuma matasan da suka koyi aikin sun sami sana'ar rani. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.