Kasuwanci Don Amfanin Jama'a: Jan Hankali Ga Mutanen Batsari Da Safana

Jama'ar ƙasar Ruma da ta Safana, manya da yara, maza da mata, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da majalisa da cikin gida, domin maganar da ke ciki ta shafi tukunyar kowa.

HALIN DA AKE CIKI

Ba sai an gaya wa mutumin Ruma ko Runka ko Zakka abin da maƙwabtaka da Dajin Rugu ta jawo masa ba. An kore shanun noma, an ƙone rumbuna, an sayar da gonaki don biyan kuɗin fansa. Har yau ba a manta da harin da aka kai Tsauwa da Dankar cikin watan Fabrairu na 2020 ba. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, cikin Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. An yi haka don tsaro, amma ciniki ya ji jiki, jarin mutane da yawa ya karye.

Gudummawa ta zo, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Sai dai buhun shinkafa yana da ranar ƙarewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025, a daidai lokacin da masu ba da agaji daga ƙasashen waje suke rage hannu. Darasin a fili yake: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da zai tayar da garuruwanmu shi ne taimakon da yake ciyar da kansa, watau kasuwanci don amfanin jama'a.

MENE NE WANNAN KASUWANCI?

Ɗan kasuwa yana saye yana sayarwa don ya sami riba ya sa a aljihunsa, kuma wannan halal ne. Mai sadaka yana bayarwa don neman lada, in abin hannunsa ya ƙare sai ya dakata. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku. Mutane su dubi wata matsala da ta addabi garinsu, kamar ƙarancin ruwa ko tsadar hatsi da bazara, su kafa sana'ar da za ta magance ta, su riƙa sayar da kaya ko aiki bisa farashin da talaka zai iya, sa'an nan mafi yawan ribar ta koma cikin aikin don ya ƙara faɗi.

Ana gane shi da alamu uku. Na farko, yana da manufa guda wadda kowa ya sani. Na biyu, ciniki ne yake riƙe da shi, ba ya dogara da roƙo. Na uku, ba a cinye ribarsa, sai abin da aka yarda na ladan ma'aikata da ɗan rabon masu jari. In ɗaya daga cikin ukun nan ta ɓace, to wani abu ne daban.

ABIN BA BAƘO BA NE

Kakanninmu sun san gayya, iyayenmu mata sun san adashi, malamanmu kuma sun karantar da mu wakafi, wato dukiyar da ake tsare asalinta a riƙa amfani da abin da take haifarwa. Sabon abu kawai shi ne tsari da rubutu da lissafi.

Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a can mai suna Mata Masu Dubara. Matan ƙauye su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Daga cikin kuɗin ake ba mai bukata rance ta ja jari, akwai kuma ɗan asusu na rashin lafiya da rasuwa. In shekara ta zagayo a raba, a sake sabon zubi. Wannan dabara da aka fara da matan Hausawa yau ta bazu ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya.

A Bangladash, wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra cikin 1976, don ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai nauyi. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, ya tsaya da ƙafarsa a 1983, har aka ba shi da mai kafa shi lambar yabo ta Nobel a 2006. Nan kusa kuma, a Jihar Kaduna, kamfanin Babban Gona ya fara aiki a 2012. Yana haɗa ƙananan manoman masara ƙungiya ƙungiya, ya ba su iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya adana amfanin, ya nemo musu kasuwa. Duk waɗannan da ƙaramin abu suka fara. Amana da lissafi ne suka raya su.

SANA'O'IN DA SUKA DACE DA ƘASARMU

Rumbun jama'a. Kowa ya san yadda manomi yake kai gero da wake kasuwar Batsari da kaka ya sayar da arha don biyan bashi, sa'an nan da damina ya dawo ya auni irin wannan hatsi da tsada. Ƙungiya za ta iya sayen hatsin 'ya'yanta da kaka bisa farashi mai kyau, ta adana, ta sayar wa mutanen gari da ɗan sauƙi lokacin da abinci ya yi wuya. Ribar da ke tsakani ita ce jarin baɗi. Ga wake akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Saboda halin tsaro, a ajiye kaya cikin gari, kuma kada a tara su duka a ɗaki ɗaya.

Sarrafa rogo da gyaɗa. An san ƙasar Batsari da rogo, amma ɗanyen rogo ba ya jure kwanaki bayan an haƙa, shi ya sa mai saye yake yanka farashin da ya ga dama. In mata suka haɗa kuɗi suka sayi injin gurza da kaskon tuya, rogon zai zama garin kwaki ko alabo mai jiran kasuwa wata da watanni. Haka gyaɗa take zama mai da ƙuli-ƙuli. A fara ɗaukar matan da suka rasa mazajensu, su ne suke ɗauke da marayu.

Garin kunun yara. Gero da waken suya da gyaɗa duk muna noma su. In aka soya aka niƙa aka haɗa bisa awon da ma'aikatan lafiya suka koyar, aka ƙulla a ƙananan ledoji masu arha, za a tare tamowa tun ba ta kama yaro ba. Amma a kula, yaron da ya riga ya rame ko ya kumbura asibiti za a kai shi, wannan gari ba magani ba ne.

Ruwa da wutar rana. Fanfuna nawa ne suka mutu a ƙauyukanmu saboda ƙaramin gyara? Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda ake biyan ɗan abu kaɗan kan kowace jarka, tana tara kuɗin gyaran kanta, ta kuma ba samari aikin yi. A ware wa tsofaffi da marasa hali nasu kyauta. Farantan hasken ranar da ke jan ruwan za su iya cajin waya su kuma sanyaya abin sha.

Cinikin nono. Ƙungiyar da za ta riƙa sayen nono hannun matan Fulani bisa farashi tsayayye, ta dafa ta sayar cikin gari, tana gyara abin da ya fi ciniki. Mutanen da suke haɗuwa kowace safiya kan ƙwarya da kuɗi, da wuya a shiga tsakaninsu da jita-jita.

ƘA'IDODI SHIDA

1. Ku rubuta manufarku da dokokinku, a karanta a gaban kowa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.
2. Ku fara da kuɗinku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ƙungiyar da aka kafa don jiran tallafi ranar da aka raba tallafin take watsewa.
3. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, mai ba da izinin fitarwa daban. Kada su zama 'yan gida ɗaya.
4. A karanta lissafi duk wata a bainar jama'a: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da ke waje.
5. Tun kafin a ga riba a yanke yadda za a raba ta: kaso mafi tsoka na ƙarin jari, kaso na ajiyar ko-ta-kwana, kaso na masu aiki da masu zubi.
6. Ku yi rajista, ko a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha ko a hukumar CAC, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Ba a ajiye kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, komai kirkinsa.

ABIN DA KE KASHE SHI

Babban makashinsa shi ne bashin kunya. Yaya ya zo, kawu ya zo, mai unguwa ya aiko, kowa ya ɗauka da sunan zai biya, kafin a farga shago ya zama kango. Na biyu shi ne tunanin cewa kayan jama'a ba na kowa ba ne. Wanda ya ci kuɗin marayu da sunan ƙungiya, haƙƙi yana wuyansa har gaban Allah. Na uku siyasa. Ranar da aka liƙa hoton ɗan takara a ƙofar shagon, rabin gari ya daina shiga. Na huɗu gaggawa, wato a buɗe sana'a uku kafin ɗaya ta tsaya.

WA ZAI TALLAFA?

Masu hali da 'ya'yan yankin da ke aiki a Katsina da Kano da Abuja, maimakon rabon kuɗi da Salla kaɗai, ku sayi inji ko ku gina shago ku yi wakafinsa, ku kuma nemi a riƙa aiko muku da lissafi. Malamai, ku bayyana wa jama'a hanyoyin jari da babu riba ta haram a cikinsu, kamar rance don Allah, da haɗa jari a raba riba da hasara, da sayen amfanin gona tun kafin kaka bisa sharuɗɗan shari'a. Irin waɗannan hanyoyi ne bankin Jaiz yake aiki da su tun 2012. Iyayen ƙasa, Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatai da masu unguwanni, a taimaka da fili, a tsaya wajen karɓo bashin da ya maƙale.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN ta ƙananan sana'o'i kafin ya hau mulki a 2023, gwamnatinsa kuma ta kafa hukumar KASEDA don bunƙasa sana'o'i a jiha. Ƙungiyar da take da rajista da littafin lissafi mai tsabta ita ce take da bakin zuwa can ta nemi horo da jari. Ana kuma roƙon ƙananan hukumomi su riƙa sayen kayan waɗannan ƙungiyoyi don makarantu da asibitoci, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta turo ɗalibanta su koyar da lissafi da adana kaya. Fiye da komai, a tsare hanya da gona, domin ba a ciniki cikin fargaba.

Kai kuma mai karatu, taimakonka bai fi ƙarfinka ba. Ka sayi kayan ƙungiyar garinku, ka biya nan take, in ka ci bashi ka biya a kan lokaci. In garinku ba a kafa ba tukuna, ka nemi mutum goma amintattu bayan sallar Juma'a mai zuwa, ku zaɓi matsala ɗaya, ku sayi littafi da akwati, ku fara zubi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a neman kowa, amin.