Kwali, Roba Ko Katako: Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Ƙaramar Roka A Gida

Bidiyon rokar Falcon 9 tana dawowa daga sama tana dira a tsaye ya zagaya wayoyi da yawa, kuma ba wuya ya sa matashi ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi. A unguwa irin Ƙofar Guga a birnin Katsina, inda yaro ke tasowa da ƙera motar kara da ta gwangwani, tambayar da ke biyo baya ita ce: da me za a haɗa ƙaramar roka mai kama da ta gaske? Kwali, roba, katako, ko kuwa sai an yi odar kaya daga waje?

Kafin a amsa wannan, akwai wata tambayar da ta riga ta. Rokar ta ajiya ce a kan tebur, ko ta tashi ce? Masu wannan sha'awa a duniya sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan haka, domin abin da ke sa ƙaramar roka ta yi kama da ta gaske, sau da yawa shi ne ke hana ta tafiya saiti a sama. Wanda bai yanke wannan shawara tun farko ba yakan ɓata mako biyu yana fenti, ranar gwaji kuma abin ya tashi ya yi ƙundumbala ya dawo kan 'yan kallo.

Abin da ke cikin kwalin da ake sayarwa a waje

A shekarar 1954 wani mai kantin takalma a jihar Nebraska ta Amurka, Orville Carlisle, ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin injin roka da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, samari da yawa a Amurka suka shiga cusa sinadarai masu fashewa cikin bututun ƙarfe, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu. Don a kawar da wannan ne Carlisle da G. Harry Stine suka kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki ta Amurka a wannan shekarar, sannan Vern Estes ya buɗe kamfanin Estes a 1958. Ƙa'idar da suka kafa tana nan har yau: ba a haɗa makamashi a gida, kuma ba a yin hanci, gangar jiki ko fukafukan roka da ƙarfe.

Shi ya sa idan aka buɗe kwalin irin wannan kaya, abin da za a tarar bai wuce bututun kwali, hanci na roba ko na katakon balsa, fukafukai, 'yar lemar sauka da sitika ba. Balsa katako ne marar nauyi sosai, mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Tsofaffin hannu sun fi son sa saboda yana gogewa da sanfefa ya ɗauki duk siffar da ake so, kuma gam yana kama shi. Sababbin shiga sun fi son fukafukan roba da aka zubo a haɗe, don ba sa karkacewa. Masu manyan rokoki su kuma sukan koma falankin filawud da zaren gilas.

Ana iya yin odar gangar jikin ta intanet, amma injin wani zance ne. Garin albarushi ne a cikinsa, kuma ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari da ba a turowa ta wasiƙar jirgi kamar sauran kaya. Bidiyoyin da ke koyar da haɗa makamashi da sukari da taki kuwa, a tsallake su. Ban da ƙuna da asarar ido, a halin tsaron da jihar Katsina ke ciki, matashin da aka samu da bututu cike da garin fashewa zai sha dogon bayani kafin a yarda wasa yake. Rokar da za ta tashi a nan, ruwa da iska ne makamashinta.

Lissafin ma'auni

Kuskuren farko shi ne a zaɓi tsayi sannan a shiga neman bututun da ya dace. An fi samun sauƙi idan aka juya abin: a auna faɗin bakin bututun da ke hannu, shi zai faɗi tsayin.

Ga misali da rokar da ta shafi Nijeriya. Kosmos-3M ita ce ta ɗauki tauraron NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha a watan Satumbar 2003. Tsayinta mita 32.4, faɗinta mita 2.4, wato santimita 240. Idan bututun kwalin da aka samu santimita 4 ne, sai a raba 240 da 4, a samu 60. Ma'aunin ya zama 1:60, ma'ana kowane santimita ɗaya a tebur yana wakiltar santimita 60 a rokar gaske. Daga nan kowane awo sai a raba shi da 60, tsayi ya fito santimita 54. Kalkuletar waya ta isa. Wannan rokar ta dace da mai farawa domin miƙaƙƙiya ce, ba ta da ƙananan rokoki manne a gefe.

Wanda ya ƙware zai iya gwada Long March 3B ta Sin, wadda ta ɗauki NigComSat-1 daga Xichang a watan Mayun 2007. Tsayinta kusan mita 56, faɗin gangar tsakiya mita 3.35, da ƙananan rokoki huɗu manne a gindinta. A ma'aunin 1:100 faɗin zai zama milimita 33 da ɗoriya, kuma bututun roba mai milimita 32 da masu aikin famfo da wayarin ke amfani da shi ya kusa yin daidai. Don ajiya kawai ke nan. Irin wannan bututu yana da nauyi, kuma idan ya fashe da matsin iska yana tarwatsewa da kaifi kamar kwalba, saboda haka ba a hura shi.

Dalilin da mai kama da ta gaske ke ƙin tafiya saiti

Nan ne gizo ke saƙar. Falcon 9 ba ta da fukafukai a gindi ko ɗaya. Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969, mai tsayin kusan mita 111, fukafukanta huɗu ƙanana ne idan aka kwatanta da jikinta. Manyan rokoki ba su dogara da fukafukai ba, kwamfuta ce ke karkata bakin injin dama da hagu tana gyara hanya a kowane lokaci. Ƙaramar roka ba ta da wannan gata, siffarta ce kaɗai ke riƙe ta.

Akwai wurare biyu a jikin kowace roka. Na farko cibiyar nauyi, inda za ta tsaya daidai idan aka ɗora ta a kan yatsa. Na biyu cibiyar bugun iska, inda ƙarfin iskar da ke bugun gefenta yake taruwa. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, cibiyar iska kuma a baya, da tazarar da ta kai faɗin gangar jikin sau ɗaya zuwa biyu. Maharban ƙasar Hausa sun san wannan tun da daɗewa: kibiya kyauro ne marar nauyi da ƙarfe a kai, kuma nauyin kan ne ke jan ta gaba.

Hanyoyin gyara biyu ne. Ko a ƙara nauyi a hanci, ko a ƙara girman fukafukai a matsar da su can baya. Masu kishin kama da ta gaske ba sa son na biyun, don haka suka fito da dabarar yanka fukafukai daga roba garai-garai da ido ba ya kamawa daga nesa, wasu ma sukan cire su idan za a ajiye rokar. Wasu kuma tun farko suke zaɓen rokar da aka halitta da manyan fukafukai, kamar V-2 ta Jamus ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Tsayinta mita 14, faɗinta mita 1.65, gajera ce kakkaura. Da gorar lemo mai faɗin santimita 9, V-2 za ta fito santimita 76. Falcon 9 mai mita 70 da faɗin mita 3.7 kuwa, da wannan gorar sai ta kai mita 1.7, ta yi nauyi ta riƙa lanƙwasa.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗaura igiya a daidai cibiyar nauyi, a wulwula rokar a saman kai. Idan hanci ya shige gaba ya zauna, lafiya lau. Idan tana tafiya da gefe ko da baya, a ƙara nauyin hanci a sake. Mai kwamfuta zai iya sauke OpenRocket, manhajar kyauta da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Sampo Niskanen, ya rubuta a 2009, ta nuna masa cibiyoyin biyu kafin ya yanka komai.

Kayan da ke kusa

Ga rokar ajiya, kwalin tsakiyar takardar shafe-shafe ko na nadin leda ya wadatar. A madadin balsa akwai tukurwa da totuwar kara, wato farin naman cikinsa, duka suna fiƙewa da reza. Farin soson da ke zuwa a kwalin talabijin yana yin hanci mai kyau, sai dai supa gulu da fentin feshi suna cinye shi nan take. Farin gam na kafintoci ne abokinsa, a shafa shi sau biyu ya bushe kafin fenti.

Ga mai tashi, gorar lemo mai gas ake nema, domin an yi ta ne don ta jure matsi. Gorar ruwan sha ta yi laushi. Wadda za ta riƙe iska ba a huda ta, ba a goge ta da sanfefa, ba a ɗiga mata gam mai zafi. Da salatif mai ƙarfi ake manna mata komai. Gora ta biyu ake yankawa a kifa a sama ta zama hanci, a cusa ƙwallon roba a ciki don nauyi da rage zafin faɗuwa. Fukafukan kwali suna jiƙewa tun tashin farko, gara robar tsohuwar jarka ko murfin bokitin fenti. Bawul ɗin taya yana wurin mai faci, sai toshin roba da famfon keke mai agogo.

Ruwa kashi ɗaya cikin uku na gorar shi ne daidai. Iska kuma tsakanin 40 zuwa 60 a agogon famfo, wato sama kaɗan da abin da ake ba tayar mota, kada a wuce nan. Kafin tashin farko a cika gorar da ruwa fal a hura ta daga nesa da dogon tiyo. Idan za ta fashe, gara ta fashe da ruwa a ciki, don ba ta tarwatsewa kamar mai cike da iska.

Yanayin Katsina ma yana da nasa hukunci. Zafin Maris da Afrilu yana sassauta gam da salatif, kuma gorar da ta wuni a rana ba abin amincewa ba ce. Iskar hunturu tana kwashe roka marar nauyi ta kai ta gidan maƙwabta, don haka a nemi lokacin da iska ta kwanta. Lungunan cikin gari da wayoyin lantarki ba wurin gwaji ba ne. A fita fili a bayan gari ko filin ƙwallon makaranta da izinin malamai, a kuma yi nesa da filin jirgin sama na Umaru Musa Yar'adua.

Aikin waya ranar gwaji

Mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya a gindin rokar daga nesa, a nan ake ganin ko fiffike ya karkace. Wani ya ɗauki tashin gaba ɗaya, a ƙirga daƙiƙu daga tashi zuwa faɗuwa. Idan babu lemar sauka, a ninka daƙiƙun da kansu sannan a ninka da 1.2. Tafiyar daƙiƙa 5 ta ba da kusan mita 30. Ƙiyasi ne, domin bai lissafa jan iska ba, amma ya isa a gane ko sabon hanci ya fi tsohon.

Wanda ke son awo mafi inganci sai ya sauke manhajar auna kusurwa, ya tsaya mita 50 daga wurin tashi, ya saita gefen wayar da ƙololuwar da rokar ta kai. Digiri 30 yana nufin kusan mita 29, digiri 45 kuma mita 50 cif. Don kwatance, a watan Agustan 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta kai rokar ruwa mita 830, da gangar jiki ta zaren kabon da matsin iskar da gorar lemo ba za ta taɓa jurewa ba. A rubuta yawan ruwa, matsin iska, nauyin hanci da tsayin da aka samu a kowane tashi, kuma abu ɗaya tak ake canzawa kafin tashi na gaba.