SIRRIN WAYA DA IKON HUKUMA: INA IYAKAR TAKE A SHARI'A?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, a watan Disamba 2015 wasu mata da miji suka kashe mutum 14 a garin San Bernardino na Amurka. Hukumar FBI ta samu wayar iPhone ta mijin a kulle, kuma irin wayar nan ana iya saita ta ta goge komai idan aka kuskure lambar sirri sau 10. Sai a 2016 ta nemi kamfanin Apple ya haɗa manhajar da za ta karya wannan kariya. Apple ya ƙi, ya ce mabuɗin da zai buɗe wannan wayar zai buɗe miliyoyin irinta. Daga baya FBI ta buɗe ta ta wata hanyar.

To, me Musulunci ya ce?

1. Asali shi ne haramcin tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, kamar yadda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta nuna. Wayar mutum yau ɗakinsa ce: hotunan iyalinsa, basussukansa, hirarsa da matarsa.

2. Amma akwai togaciya. Gab da Fathu Makka, Haɗib ɗan Abi Balta'a (RA) ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa ta hannun wata mace. Annabi (SAW) ya tura su Sayyidina Aliyu (RA) suka tare ta a Raudatu Khakh, ta ciro wasiƙar daga kitsonta. Ku lura: mutum ɗaya aka tare, bisa tabbataccen labari, don kare rayukan jama'a. Ba a ce a caje duk ayarin da ya fita Madina ba.

Shi ya sa Imam Mawardi ya taƙaita irin wannan bincike ga ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai, kuma sai amintacce ya kawo labari.

Don haka binciken wayar wanda ake tuhuma da hujja daban, ajiye mabuɗin wayar kowa a hannun hukuma daban. Mabuɗi in ya samu, ɓarawo ma zai neme shi, azzalumi ma haka.

Kai kuma mai laluben wayar matarka tana barci, da ke mai ɗaukar hoton hirar ƙawarki kina yaɗawa, ayar nan har da ku fa!

Sannan mu tuna, babu lambar sirrin da ke kulle waya ga Allah.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wallahu a'alam.