Yadda Ake Auna Man Da Ke Cikin Gyaɗa

Kowace mai ƙuli-ƙuli ta san ba dukan gyaɗa ke ba da mai daidai ba. Amma kome ƙarfin matsa, hannu ba ya fid da man duka, kullum akwai saura cikin tunkuza. Saboda haka ma'aikatan binciken gona, irin na Samaru, ba su yaba sabon iri sai an auna mansa a ɗakin gwaje-gwaje.

Ga yadda ake yi. A ɓare gyaɗa, a busar da ita sarai, a niƙa. A auna kaɗan, misali giram 10, a zuba cikin 'yar jakar takarda wadda ruwa ke ratsawa. Sa'an nan a sa jakar cikin na'urar gilashi wadda wani masani a Jamus, Franz von Soxhlet, ya ƙago cikin 1879 don auna maiƙon madara. A gindin na'urar akwai ɗan tulu da wani ruwa ana ce da shi heksen, dangin fetur ne, yana narkar da mai, yana kuwa tafasa a digiri 69. Da ya yi zafi sai tururinsa ya hau, ya gamu da sanyi, ya ɗiga bisa garin, ya kwaso mai ya komo tulu. Haka zai yi ta kewayawa sa'o'i da dama. Daga baya a ƙafar da heksen, abin da ya rage mai ne zalla. In giram 10 ya bar giram 5, watau rabin ƙwayar mai ne. Gyaɗa mai kyau ta kan ba da kashi 45 zuwa 50 cikin 100.

To, shi man kuma ba abu guda ba ne. Cikin 1952 waɗansu masana biyu a Ingila, James da Martin, suka nuna hanyar rarrabe sinadaransa. Akan farfasa man da magani, a mai da shi tururi, iska ta tura shi cikin dogon siririn bututu. Wani sinadarin ya yi sauri, wani ya yi nawa, kowane ya fito a lokacinsa, a auna shi daban. Manya a man gyaɗa biyu ne, oleyik da linoleyik. Man da oleyik ya fi yawa a ciki ya fi daɗewa a kanti bai yi wari da maƙaƙi ba.

Awon nan ba ya rufa wa kowa asiri. Gyaɗar da aka tuge ba ta ƙosa ba manta kaɗan ne. Wadda aka ɗura a buhu da danshi kuwa sai ta yi fumfuna, manta ya lalace, kamfanin matsa ya karya mata kuɗi. Don haka manomi ya dakata sai cikin ɓawo ya yi duhu kafin ya tuge, ya shanya ta har ƙwaya ta yi ƙara in an girgiza.